Mai Guga da Jirgin Asabar

Yayata ta fi shekara talatin tana guga. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai facin taya. Teburi biyu ne a ciki, da dutsen guga uku, ɗaya na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, sai igiya daga bango zuwa bango inda take rataye kayan mutane. Kowa Mai Guga yake ce mata. Ni kaɗai nake ce mata Yaya, kuma ni kaɗai nake yi mata gardama in kwana lafiya, don ita ta goya ni. Bakinta kuwa, Allah ya kiyaye! Ka kawo riga da tabon mai a ƙirji, sai ta tambaye ka ko a guje kake cin abinci.

Matar nan mai baki, mutum ɗaya ce a duniya ba ta iya hira da ita, ita ce autarta. Auta tana ƙarama zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, ta tashi, amma ji ya tafi. Makarantar kurame babu a garinmu, sai a babban birni, can ɗaya ƙarshen ƙasar. A mota yini ne cur, shi ma in babbar mota ba ta faɗi ta tare hanya ba. Can aka kai ta makarantar kwana.

Makarantar ta yi wa Auta rana. Ta koyi maganar hannu, ta yi ƙawaye, ta zama mai tsokana ma, in ji malamanta. In ta zo hutu da ƙawarta sai ka ga hannuwa suna ta tashi, suna ƙyalƙyala dariya, Yaya na tsaye da dutsen guga tana kallonsu. Ita abin da ta iya bai wuce "ci", "kwanta", "zo" da "ina ke ciwo" ba. Rubutu ba zai ɗauki hira ba, don Yaya ba ta yi nisa a boko ba. Auta takan gwada koya mata, amma da Yaya ta murɗa yatsa ba daidai ba sai yarinyar ta yi murmushi ta bar zancen. Wannan murmushin ya fi komai ƙona wa Yaya rai. Ta taɓa ce mini, "Lallaɓa ni take yi. Ni na haife ta, amma ban san me ke ba ta dariya ba. Ina tsoron in mutu ban san 'yata ba."

Makarantar tana da ajin iyaye duk Asabar da safe, kyauta. To amma zuwa da dawowa kusan rabin mako ne, kuma ƙarshen mako ne ake jibge mata kayan 'yan makaranta da na ma'aikata. Wa zai rufe shago haka ya ci abinci?

Ana nan sai aka tayar da maganar jirgin ƙasa mai gudu, wanda zai haɗe ƙasar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Gardamar ita ce, a gina da kuɗin jama'a, ko a bar wa kamfani. Ni ina sayar da kayan gini, haraji kuwa yana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka ban ɓoye ra'ayina ba. Na zauna a kan bencin shagonta na ce, "Yaya, asibitinmu babu gado, rufin makarantu yana yoyo, sai jirgi? In akwai riba, masu kuɗi su gina abinsu."

Ta dire dutsen guga da ƙarfi. "Kai dai ka girma a banza! Kamfani zai tsaya a garin nan? Ya ɗauki wa, kai da buhun simintinka? Wucewa zai yi fuu, mu ɗaga masa hannu. In ma ya tsaya, tikitinsa sai mai babbar riga. Titin da ke gaban shagonka ribar me yake kawowa? Don me ba ka ce a bar wa kamfani ba?"

Na ce titi daban, jirgi daban. Ta ce in tashi mata daga benci.

Daga nan ta zama 'yar gida a shirin rediyon da ake buga waya. Da ta yi sallama mai gabatarwa zai ce, "To jama'a, ga Mai Guga nan, kowa ya gyara zama." Waya a maƙale a kafaɗa, hannu yana guga, baki yana aiki. Wata rana gardama ta yi zafi har ta ƙona wuyan rigar wani malami, ta biya shi, ta kuma tsare shi sai da ya yarda da ra'ayinta kafin ya fita.

Kafin majalisa ta kaɗa ƙuri'a, ɗan majalisarmu ya kira taron jin ra'ayi a zauren gari. Direbobin motar haya suka ce za a kashe musu sana'a, kuma suna da gaskiyarsu. Ni ma na tashi na yi maganar asibiti, aka tafa mini. Sai Yaya ta miƙe. Na ce a raina yau ɗan majalisa zai sha. Amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye abin magana, ta ɗaga hannuwanta, ta yi alamun nan guda huɗu, a hankali, tana faɗin ma'anar kowace. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ita ce duk hirar da nake yi da 'yata tun da ta tashi. Wurin da zan koyi sauran yana nan, hanya ce ta fi ƙarfina. Harajina na biya, ban taɓa roƙon komai ba. A gina, kuma ya tsaya a nan." Ni kaina na sunkuyar da kai don idona ya kawo ruwa.

Majalisa ta amince a gina da kuɗin jama'a, da tasha a garuruwa irin namu, da tarago mai araha. Ba na cewa maganar Yaya ce ta sa, amma kada wanda ya gaya mata haka.

Aikin ya ja shekaru, kuɗin ya ninka, kuma duk sanda aka faɗa a labarai sai na je shagonta na yi gyaran murya. Auta ta gama karatu, ta zama malama a makarantar, ta auri abokin aikinta, ta haihu. Kan Yaya ya yi fari, yatsunta suka sandare da riƙon dutsen guga. Na ce mata, "Ai an makara, Yaya." Ta ce, "Kai ne ka makara."

Asabar ɗin farko da aka buɗe layin, da sassafe tana tasha da sabon zane. Kafin hantsi tana cikin aji, ita ce tsohuwa a tsakiyar iyaye matasa, kafin la'asar ta dawo ta jona dutsen guga. Haka ta riƙa yi, ko ruwa ake ko iska. Malamar ajin takan kama yatsunta ta lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, Yaya ta dawo tana ciwon hannu tana gwadawa a kan duk wanda ya kawo wanki. Ni na fara sanin alamar "rago", don kullum ni ake nuna wa.

Har gobe ina cewa jirgin nan ya yi tsada, kuma asibitin yana nan yana jira. Amma ni nake zuwa ɗauko ta a tasha. Wata Asabar, bayan kamar shekara tana zuwa, na hango ta ta sauko tana huci, ɗankwali a karkace. Na ce, "Yaya, lafiya?"

"Faɗa muka yi!"

"Da wa? A jirgin?"

"Da Auta mana! Na ce ta sa wa yaron hula, ta ce zafi ake. Na ce ni na raini yara biyar, ta ce wannan nata ne. Duk da hannu fa! Na faɗa, ta faɗa, har mijin ya shiga tsakani muka kore shi." Sai ta kama hannuna, ga hawaye ga dariya, mutane suna ratsa mu da jakunkuna. "Ka san me ta ce mini? Wai na cika surutu. Ni! Wai in bar ta ta huta, na cika ta da surutu!"

Ta share fuska da bakin mayafi, ta ce in yi sauri in kai ta shago, akwai amsar da ba ta ba Auta ba, tana so ta gwada ta kafin Asabar.