Jinin Cibiyar Ɗana

Da na haifi ɗana na biyu, likita ta roƙi jinin cibiyarsa. Ta ce akwai ƙwayoyi a ciki da suke raino a ɗakin gwaji har su yawaita, ko wata rana su taimaki masu sikila irin babbar 'yata. Ni da mijina muka amince.

Ranar suna a Sabo, yayan mijina ya tsaya tsakar gida, baki jawur da goro, ya ce, "Kun ba da jinin yaro a yi tsafi da shi!"

Mutumin da duk kwanciyar da yarinyar nan ta sha, bai taɓa hawa keke ya dubo ta a asibiti ba.

Na ce, "Yaya, shinkafarka tana hucewa."

Ya zauna ya cinye tas, har ya nemi ƙarin nama.