Gidan Wa Ne Mai Koren Ƙofa?

Na shiga Ƙaura Namoda da hantsi a kan kekena daga Gusau, da niyyar in huta in wuce Shinkafi. Tun ina saurayi nake yawon garuruwa da keke. Matata tana cewa da keken aka ɗaura mini aure, ita rakiya ta zo.

Garin ya kwanta mini a rai nan take. Daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa zuwa kasuwa ko gumi ban yi ba, ga inuwar dogon yaro, ga mai fura da ta cika mini ƙwarya har tana zuba. Na ce a raina, in na yi ritaya nan zan tare.

Wannan kwaɗayin ne ya kai ni wata unguwa a bakin hanyar Zurmi, inda na ga gida mai koren ƙofa da mangwaro a gabansa. Na ɗauki hotonsa da waya, na juya ga samarin da ke zaune a inuwa.

"Gidan wa ne wannan? Mai shi yana nan?"

Ɗayansu ya miƙe. "Mi kac ce? Infoma na! Ku riƙe shi!"

Na san kalmar, mai nuna wa ɓarayin daji gidan da za su shiga. Kafin in buɗe baki gora ta sauka a ƙeyata. Na kifa, aka bi ni da ƙafa, haƙorina ya fita, jini ya rufe mini ido ɗaya. Ina ji suna ragargaza keken da dutse, wani yana ihun a kawo fetur. Wallahi na saddaƙar, na fara salati.

Sai wani dattijo ya ratso su ya faɗa a kaina ya rufe ni da jikinsa. Ya sa aka buɗe wayar, aka ga hotuna: gadoji, raƙuma, ƙwaryar fura.

"Wanga mahaukacin keke na. Ku watse."

A zauren gidan mai koren ƙofar ya wanke mini fuska. Tsoro ya sake ni, fushi ya taso.

"Baba, tambaya fa kawai na yi!"

Ya matse tsumman a hankali.

"Gidan ɗana na. Bara wani baƙo ya tsaya nan inda kat tsaya, yay yi tambayarga. Ɓarayin daji sunka zo sunka tafi da ɗana, ko gawa tai ba mu gani ba."

Ya ɗora tsumman a goshina.

"Ni na ba baƙon amsa."