Tsohon da Ya Ce Sai Ya Ga Huhunsa

A ɗakin masu korona, kan gadon da ke kallon nawa, akwai wani tsoho da ban san sunansa ba. Ga robar iska a hanci, ƙashin wuya duk a waje, amma baƙin mai ya ƙi barin faratansa. Ina zaton bakanike ne, irin wanda ba ya yarda da labarin inji sai ya leƙa da idonsa.

Kullum da safe likita tana turo na'urar hoto har bakin gadonsa, ta bi tsakanin haƙarƙarinsa da ita tana kallon allo. Yau ma'aikacin jinya ya miƙo hannu zai tallafe shi. Tsohon ya ture hannun, ya tashi zaune da kansa yana haki, ya dubi likitar.

"'Yata, juyo min allon nan. Huhun nawa ne ko naki?"

Ta juyo masa. "Baba, fararen layukan nan alamar ruwa ce. Jiya shida, yau huɗu."

Ya harari layukan ɗaya bayan ɗaya.

"Huɗu? To a gaya wa ƙanena ya daina cigiyar likkafani. Injin bai buga ba."