Jan Tabo a Goshin Jaririya

Mai sayar da tikiti ya kasa ɗauke ido daga wata doguwar mata a bencin tasha. Gyalenta ya zame, ko a jikinta, tana ta jijjiga jaririya a cinya. A goshin yarinyar akwai jan ƙullutu kamar ɗan tumatir, uwar kuwa ta ture mata hula baya, mai kallo ya kalla.

"'Yata, ki rufe mata mana," in ji wata tsohuwa. "Kin san bakin mutane."

"Iya, likita ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka cunkushe, zai baje da kansa. Kafin nan ta samu kwalliya kyauta."

Tsohuwar ta tuntsire da dariya. Shi dai mai tikitin jikinsa na ba shi sai da matar nan ta sha kuka kafin ta iya wannan amsa.