Shafin 'Yan Jirgi

Shekarun baya, tun Turawa ba su tattara nasu ya nasu ba, ina ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati a Kaduna, muna da kulob ɗin ƙwallo na ma'aikata. Ni dai ban iya ƙwallo ba. Sau biyu aka gwada ni, a na biyun na ɗirka ta cikin ragarmu, sai aka ce tunda rubutuna yana da kyau in zama sakatare. Ni kuwa na ɗauki abin kamar an naɗa ni Razdan.

Na sayi babban littafi mai baƙin bango, na ja masa layi da rula yadda muke yi a ofis. Kowace ƙungiya da muke karawa da ita a gasa na ware mata shafinta: 'yan sanda, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan jirgin ƙasa, da sauransu, shafi goma sha ɗaya. Ana tashi wasa sai in rubuta wanda ya ci, da ƙwallo nawa, da wanda ya tsare raga.

Mai tsaron ragarmu abokina ne, ɗaki ɗaya muka kama a Doka, kwano ɗaya muke ci. Dogo ne, ba ya son magana, yana da wata tsohuwar hula hana-salla da ba ya shiga raga sai da ita. Raga ita ce duk abin da yake alfahari da shi a duniya.

Shekara ta uku muka kai wasan da zai raba gardama, mu da 'yan jirgi. Su da takalma suke wasa, mu yawancinmu ƙafa ba komai. Ana saura kwana biyu aka yi taro a ƙarƙashin mangwaron bayan ofis. Shugabanmu, wani babban akawu da muke kira Baba, ya ce, "Mutanen nan sun zame mana ƙarfen ƙafa. Wa ke da shawara?"

Ba wanda ya tambaye ni. Amma shekara uku ina jan layi babu wanda ya taɓa cewa in buɗe littafin nan, ga shi yau dama ta samu. Na miƙe na gyara murya na ce, "Baba, littafi yana da magana." Na buɗe shafin 'yan jirgi na karanta da ƙarfi: karawa shida, an ci mu biyar, ɗaya canjaras, kuma duk shidan mutum ɗaya ne a raga. Har na ɗaga littafin sama don kowa ya ga layin ya miƙe.

Abokina ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Mutumina, haka littafin ya ce?"

Na ce, "Haka ya ce."

Ya ce, "To, ai kai ka rubuta, ba za ka yi ƙarya ba." Ya cire hularsa ya miƙa wa wanda ke jiran gado, wani ɗan Rigasa da bai daɗe da shigowa ba.

Ranar Asabar 'yan jirgi suka yi mana cin da har yau ina jin kunyar faɗin adadinsa. Sabon golan da ya ga takalma sun nufo shi sai ya kauce, kuma ban ga laifinsa ba. Sai a ranar na lura da abin da na yi shekara uku ina kallo ban gani ba: abokina faɗawa yake yi da hannuwansa a gaban takalman nan. Da na koma ɗaki in rubuta sakamako, na juya sauran shafukan. A cikin goman nan babu inda aka ci mu fiye da yadda muka ci, wasu ma ba a taɓa zura masa ko ɗaya ba. Ni na rubuta su da hannuna, kuma ban karanta wa kowa ba.

Baba ya roƙi abokina ya dawo raga, amma shi ya ce a bar yaro ya koya. Bai taɓa yi mini maganar ba, tuwo ma tare muka ci gaba da ci. Ni kuma kullum sai in ce gobe zan ba shi haƙuri, har aka yi masa canjin wurin aiki ya bar Kaduna.

Mun yi furfura kafin mu sake haɗuwa, a bakin Babbar Kasuwa. Da ya ba ni hannu sai na ji yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Na ce, "Me ya same ka nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Takalman 'yan jirgi mana, tun karawar farko. Wannan bai shiga littafi ba, ko?"

Wallahi maganar ban haƙurin nan ta zo mini har bakina. Sai na ji kaina ina cewa, "Ya iyali?" Muka gaisa, muka rabu. Bayan shekara biyu aka aiko mini da labarin rasuwarsa, Allah ya jiƙansa.

Ban rubuta ƙarya ko ɗaya a littafin nan ba, kuma wannan ne ya daɗe yana ruɗa ni, ina cewa ai gaskiya na faɗa. Yanzu na san abin da na yi: na zaɓi gaskiyar da za ta sa a kalle ni, na bar wadda za ta rufa wa abokina asiri.

Littafin yana nan a akwatina, tawadar ta koɗe. Wani lokaci nakan ɗauko shi in karanta shafuka goman nan da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata in yi a ƙarƙashin mangwaron nan. Sai dai wanda nake so ya ji ba ya nan.