Wutsiyar Sa Hannun Kawu

Ni ɗan Gummi ne, kuma duk wanda muka yi makaranta tare zai gaya maka ba a yi shaƙiyyi kamata ba. Ni ne na taɓa rantse wa 'yan ajinmu cewa na kamo kifi a gulbi wanda sai da aka kawo amalanke biyu, ɗaya ta ɗauki kai, ɗaya ta ɗauki wutsiya. Shekarata goma sha biyar a lokacin. Komai na faɗa sai an rage rabi. Abu ɗaya ne ba ƙari a cikinsa, wato rubutuna. In na kalli sa hannun mutum sau biyu, zan yi shi har mai shi ya tsaya yana tunani. Na sha rubuta wa abokaina takardar neman uzuri da hannun iyayensu, suna biyana da rake.

Babana ya rasu ina ƙarami. Inna tana sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, yayanta Kawu Sani kuma shi ya riƙe mu. Yana da fadamar shinkafa da wata tsohuwar a-kori-kura wadda in ta taso daga Bukkuyum, mutanen Anka na jin tarinta. Kawu bai yi boko ba. Da ajami yake rubuta sunansa, ya ja wa harafin ƙarshe doguwar wutsiya kamar ƙugiyar kamun kifi. Ni nake karanta masa wasiƙa, shi ya sa yake ce mini Akawu. In mun shiga kasuwa sai ya ce, "Ku ba da hanya, ga Kawu ga Akawu."

Da motar ta gaji, Kawu ya sayar da ita. Wani dillali da ake kira Ba-Matsala ne ya kawo mai saye. Aka zauna gindin darbejiya, na rubuta takardar ciniki, Kawu ya ja wutsiyarsa, aka yi fatiha, aka raba goro. Kawu ya miƙa takardun mota gaba ɗaya, bai riƙe ko kwafi ba. Ya dai ce, "A tahi Gusau a canza suna."

Dillalin ya ce, "Ba matsala."

Ba wanda ya je. A wajenmu in an yi fatiha ciniki ya ƙare, zuwa ofis ɓata man mota ne.

Bayan kwana biyu Ba-Matsala ya tare ni, ya ce, "Kai yaron ga, hannun ga naka ai gona ne." Ya saya mini tsire da lemo, ya ce in rubuta masa rasit na wani babur mara lamba. Na rubuta. Lokacin ba a daɗe da ba mu sabuwar jiha ba, wasu motocin na ɗauke da tsohuwar lambar Sakkwato, wasu sabuwa, wasu ba ko ɗaya. In an tambaya sai a ce ana jiran lamba, magana ta ƙare. Akwai babur ɗin da na san ya fi ni tsufa, shi ma yana jiran lamba.

Daga babur ɗaya aka koma biyar. Na sayi agogo da takalmi mai ƙara. Na san baburan nan ba daga kanti suke fitowa ba, amma na gaya wa kaina ni ban ɗauki kayan kowa ba, biro kawai na riƙe.

Wata ranar kasuwa Ba-Matsala ya kai ni wani gareji bayan gari. Na ga lambar motar Kawu a jikin wata a-kori-kura mai sabon fenti. Ashe tsohuwar motar tuni aka yanka ta aka sayar da ƙarafa, takardunta da lambarta kawai suke so. Ya ce, "Takardun ga sunan kawunka ke ciki, don haka shi ne mai sayarwa. Ja mana wutsiyar."

Na ce, "In Kawu ya ji hwa?"

Ya ce, "Wa za shi gaya mai? Takarda tana magana?"

Na ja. Har na yi alfahari da yadda ta fito. Mai saye ya karɓi kwafi, aka ce masa takardun ainihi suna Gusau wajen canjin suna. Ba mai duba lambar inji, taya ake dubawa da ƙarar salansa. Sau uku Kawu ya sayar da mota yana can cikin fadama bai sani ba.

Ta ukun ce ta zo da jini. An ƙwace ta ne a hanyar Bukkuyum, direbanta bai tashi ba. 'Yan sanda suka same ta a Anka hannun wani mai injin niƙa dutsen zinariya, ya fito musu da takarda, ga suna, ga wutsiya. Ana tsakiyar dashen shinkafa suka zo suka ɗauki Kawu, ƙafarsa duk taɓo. Ba-Matsala kuwa ya ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

A gabana aka nuna wa Kawu takardar. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Ya yi kama da hannuna. Amma ban san sa'ad da na yi shi ba." Aka tambaye ni, na ce takarda ɗaya na taɓa rubuta masa, ta gindin darbejiya. Ni da bakina ba ya rufuwa, ranar kalmomina ba su kai goma ba.

Aka kai shi gidan yarin Gusau jiran shari'a. Wata bakwai. Shinkafar ta mutu a ruwa. Inna ta daina fita tasha, tana zaune tana cewa, "Wane mara tsoron Allah ne ya yi wa Yaya haka?" Ni kuma ina gefenta ina cin tuwo.

Zuwanmu na huɗu na tarar ƙafafunsa sun kumbura, yana tari. Ya aiki Inna ta sayo masa goro, ya ce, "Akawu, ba ni labarin kifin nan in yi dariya." Na fara labarin. Sai ya matso kusa da ragar wayar da ta raba mu ya yi ƙasa da murya.

"Wutsiyar nan ta fi tawa kyau. Ni hannuna rawa yake, tun ranar da na gan ta na san ba tawa ba ce. Kuma hannu ɗaya ne a Gummi ke iya ta."

Na ce, "Kawu, mi ya hana ka faɗi?"

Ya ce, "In faɗi Innarka ta rasa wa? Ni na ci zamanina. Kai dai ka bari, ka jiya? Ka bari."

Wata bakwai yana kwana a siminti saboda ni, kuma abin da ya roƙe ni ke nan. Ban koma Gummi ba ranar. Na je wajen 'yan sanda na ce a ba ni biro da takarda, na ja wutsiyar a gabansu sau uku, na faɗi komai har garejin.

An saki Kawu bayan sati uku. Ni alƙali ya dubi shekaruna ya ba ni shekara biyu. Ba zan yi muku ƙari kan gidan yari ba, don ba ya bukatar ƙari. Ina wata na biyar Inna ta zo, ta tsaya nesa da waya, ta ce, "Tarin nan ya tahi da Yaya. Ya ce in gaya ma ya yahe." Ta juya ta tafi. Ban sallaci gawarsa ba. Direban da aka kashe kuma ko sunansa ban sani ba, amma ina sa shi a addu'a.

Yanzu na fito, shekarata goma sha tara, ni nake noma fadamar Kawu. Na tuba, ina roƙon Allah gafara, kuma Inna ta fara amsa gaisuwata da baki maimakon kai.

'Yan'uwana matasa, kada wanda ya ce muku biro ba ya sata. Kada ku sa hannu da sunan wani, ko da takardar uzurin makaranta ce, ni daga nan na fara. In babanku ko kawunku zai sayar da mota ko babur, ku yi fatihar, ku ci goron, sannan ku ja shi har ofis a cire sunansa, ya riƙe kwafi. In an ce muku ana jiran lamba, ku ma ku jira.

Ranar da za a sake ni, gandiroba ya miƙo littafi ya ce in sa hannu. Na riƙe biro na tsaya. Na iya na shugaban makarantarmu, na iya na iyayen abokaina, na iya na Kawu fiye da Kawu. Nawa ne ban taɓa koya ba. Sai na dangwala yatsa.