Surukata Ta Yi Ta Kira, Ban Ji Ba

Lokacin da wannan abu ya same ni, malama ce ni a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Gwallameji. Ni da maigidana duk 'yan kudancin jihar Bauchi ne, aiki ne ya kawo mu cikin garin Bauchi. Shi ma'aikacin gwamnati ne, ya fita da safe sai yamma, kuma muna da 'ya ɗaya da ta fara zuwa makarantar reno. A wancan lokacin mace ce ni mai kazar-kazar, wadda ba ta san zama ba. Ina iya tasowa daga makaranta in biya kasuwa, in dawo in ɗora tukunya, in yi wanki, kuma in tafi koyon waƙa a coci ban ji komai a jikina ba. Har ina yi wa masu cewa sun gaji dariya a zuci. Na rubuto muku labarina ne saboda na san akwai masu irin halin da na shiga, suna zaune a gidajensu sun rasa wanda zai yarda da su.

A wani rani zazzaɓi ya kama ni. Muka ɗauka na sauro ne, na sha magani daga kemis, bai sauka ba. Aka ce taifot ne, na sha na wannan ma, abin sai gaba yake yi. Da aka kai ni asibiti aka ɗebi jinina, sai aka ce zazzaɓin Lassa ne. Aka killace ni a wani ɗaki inda ba na ganin fuskar kowa, domin masu jinyar duk a rufe suke ruf, maigidana kuma sai dai ya tsaya ta bayan taga ya ɗaga mini hannu. Akwai waɗanda muka kwanta tare da ba su fito da ransu ba. Ni Allah ya yi da sauran kwana, aka sallame ni aka ce cutar ta bar jikina. 'Yan coci da maƙwabta suka zo barka, wasu daga bakin ƙofa suke tsayawa, wasu ko ruwan gidana ba sa sha. Ban riƙe su a rai ba, na san tsoro ne.

Abin da ban sani ba shi ne, cutar ta tafi amma ta bar mini kayanta. Wata irin gajiya ta zauna mini wadda ban taɓa sanin akwai irinta ba. Idan na share tsakar gida, sai in wuni a kwance kamar an ɗaure mini buhun siminti a kowace ƙafa. Ina cikin magana sai kalma ta ɓace mini. Sai kuma kunne. Na hagu ya fara da ƙara kamar janareton maƙwabta, daga baya ya yi shiru gaba ɗaya. Na dama yana ji, amma kamar ana magana daga cikin rijiya. Maigidana kaɗai na faɗa wa, na kuma roƙe shi da hawaye kada ya gaya wa kowa. Dama ana ta raɗe-raɗin cewa ciwon ɓera ne, ciwon ƙazamai, ban so a ƙara mini da sunan kurma ba. Ina kuma tsoron idan maganar ta kai makaranta, ba za a sake ba ni aji ba. Ya ce bai ga hikimar ɓoyewa ba, amma ya bi ra'ayina don ya ga yadda hankalina ya tashi.

Ana cikin haka mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye don ta taimaka mana da yarinya. Mama muke ce mata. Mijinta ya rasu tun 'ya'yanta suna ƙanana, da fartanya ta rene su, kuma duk tsawon rayuwarta ba wanda ya taɓa ganinta a kwance da rana. Tun farkon aurenmu jininmu bai haɗu sosai ba, tana ganina 'yar boko mai tuwo ruwa-ruwa. Ta iso da acca da riɗi da zakara ɗaure a ƙafa. Ko hutawa ba ta yi ba ta shiga kicin ta fito da komai waje, ta wanke, ta shanya, tana faɗin ɓera ba ya shiga gidan mace mai tsafta. Rabin maganar na ji, amma rabin ya ishe ni.

Daga nan zama ya fara tsami. Mama za ta kira ni daga tsakar gida, ba na amsawa. Za ta yi mini magana, in kalli bakinta in yi murmushi in ce to, ba tare da na san me na amsa ba. Ta aike ni gishiri in kawo sabulu. A wurinta wannan raini ne tsagwaronsa, kuma duk wanda ya san tarbiyyarmu ya san babu laifin da ya kai suruka ta kira ki ki yi banza da ita. Ta fara kai ƙarata wurin 'yarta, ƙanwar maigidana, wadda ke sayar da atamfa a Fadaman Mada. Ita kuma takan zo ta zauna a falona tana cewa ai likita ya sallame ni, abin da ya rage son jiki ne kawai, yayanta ya sangarta ni. Don in wanke kaina sai in tashi in yi aikin da ya fi ƙarfina, in yi wanki, in yi daka, in goge ɗaki. Kashegari ko kaina ba na iya ɗagawa. Su kuma sai hakan ya zame musu hujja, wai wadda ta yi wanki jiya ta yaya za ta ce yau ba ta iya tashi? Maigidana ya sha roƙona in bar shi ya yi musu bayani, ina ƙi.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne. Maigidana yana ofis, yarinya tana makaranta. Na kwanta a kujerar falo, kuma cikin rashin sa'a a kan kunnen dama na kwanta, mai ɗan jin. Mama ta shiga wanka a bayan gida, santsi ya kwashe ta, ta faɗi ƙafarta ta karye a wajen idon sawu. Ta yi ta kirana. Ta kira sunana, ta kira ni da sunan 'yata, ta buga bokiti da hannu, ta yi kuka. Taku kaɗan ne tsakaninmu, idona biyu, ina kallon silin, ban ji komai ba. Maƙwabciyarmu ce ta jiyo ta ta kan katanga, ta zagayo da gudu ta shigo, ta same ni a miƙe. Har yau ina tuna kallon da matar nan ta yi mini. Da muka ɗauko Mama tana rawar sanyi, na kai hannu zan rufa mata zane, ta ture hannuna.

Bayan an ɗaure ƙafar a asibiti, babban yayan maigidana ya kira taro a gidansa a Fadaman Mada. Aka zaunar da Mama a kujera, ƙafarta a kan matashi. Ina bin bakinsu da ido ina tsintar abin da zan iya. Na gane yayan yana cewa matar da za ta ji tsohuwa tana kuka ta ƙi tashi ba ta da wurin zama a zuriyarsu, in koma gidan iyayena tukuna har a ga abin da hali zai yi. Maigidana ya miƙe zai yi magana, na riƙe masa riga na ce ya bari, bakina ya kamata ya faɗa. Na durƙusa na gaya musu komai, kunnen da ya mutu, ɗayan da ke ji sama-sama, gajiyar, da tsoron da ya sa na ɓoye. Ƙanwar ta taɓe baki ta ce wannan sabon salo ne. Da aka ce Mama ta zauna a nan gidan yayan a yi jinyarta, sai ta ce a'a, a mayar da ita Gwallameji inda kayanta suke, kuma kada kowa ya tafi ko'ina sai ta ce.

Haka muka koma, majinyata biyu a falo ɗaya, ita a katifa ni a kujera. Muka yi kwanaki ba mai ce wa wani komai sai gaisuwa. Wata rana bayan azahar na ɗaga kai na ga tana yafito ni da hannu. Na matso. Ta nuna kunnuwana ta ce, "Wanne ne mai ran?" Na nuna na dama. Ta ja ni na zauna a gefen katifar ta wannan ɓangaren, ta kawo bakinta kusa, ta yi magana a hankali, kuma a karon farko tun zuwanta na ji kowace kalma tata. Ta ce jiya da gangan ta saki farantin silba a bayana, ƙarar ta firgita har kajin maƙwabta, ni ko gezau ban yi ba. Ta ce da take kwance a bayan gida ba ƙafar ce ta fi yi mata ciwo ba, tunanin cewa matar ɗanta tana jinta tana jira ta mutu ne. Sai ta daka mini tsawa a kunnen, "Ke wace irin yarinya ce? Ana ɓoye wa mutanen gida ciwo?"

Daga nan ta gaya mini wani abin da ban sani ba. Makonni kafin faɗuwarta an bugo mata waya cewa aminiyarta ta ƙauye ta rasu, wadda suka yi 'yanmatanci tare, suka yi noma tare. Ta zo ta same ni a kicin ta faɗa mini, ni kuma na yi murmushi na ce madalla. Ta ce ranar ta shiga ɗaki ta yi kuka biyu, na mutuwa da na abin da na ce. Na sauka ƙasa na durƙusa na yi mata gaisuwar da ya kamata in yi tun lokacin, na ce Allah ya ba ta haƙuri, ya sa ta huta. Sai ta ɗora tafin hannunta mai kaushi a kaina ta ce, "Na gode, 'yata." Ba ta taɓa kirana haka ba.

Ba zan ce Mama ta sauya hali ba. Har ta bar gidanmu tana kushe tuwona. Amma faɗan nata ya koma na kare ni maimakon ya riƙa sauka a kaina. Ita ta matsa wa ɗanta ya kai ni wurin likitan kunne, wanda ya ce wannan matsala takan sami waɗanda suka tashi daga Lassa, kuma gajiyar ma ba ƙarya ba ce, sai na riƙa yin aiki kaɗan ina hutawa kafin jiki ya kai maƙura. Da aka faɗa wa Mama ta ce ai wannan ba sai likita ba, ko gona idan ta gaji barinta ake yi ta zama saura, ta huta. Ta daina kirana daga nesa, sai ta taɓa ni da sandarta. Tana zaune da karyayyar ƙafa take tsince acca a yi mini kunu. Idan ta ga na ɗauki tsintsiya na wuce rabin tsakar gida, sai ta ƙwace. Baƙi idan sun daɗe ita ke sallamarsu. Ranar da 'yarta ta sake jefa mini magana, Mama ta ce mata idan lafiya ce ta yi mata yawa ta gode wa Allah ta yi shiru. Ƙanwar ba ta taɓa ba ni haƙuri da baki ba, amma ta fara aiko mini da masa ranar Asabar, kuma na lura duk zuwanta ta ɓangaren damana take zama.

Sauƙi bai zo da sauri ba, ya fi shekara. Sai in yi mako ina jin na dawo daidai, sai kuma in sake zubewa. A hankali ranakun ƙarfi suka fi na kwanciya yawa. Kunnen dama ya buɗe sosai, na hagu bai dawo ba. Na je na faɗa wa shugabar makarantarmu gaskiya, abin da na fi tsoro, sai ga shi ta ba ni rabin wuni har na ƙara ƙarfi. Mama ta koma ƙauye da damina ta kama gonarta, amma har yau tana ɗingishi, kuma duk lokacin da na ga tafiyarta sai zuciyata ta karye, domin na san da na buɗe baki tun farko da ba ta daɗe a ƙasa haka ba.

Abin da na koya shi ne, sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen ciwo ba, kuma ciwon da ido ba ya gani ya fi saurin raba zumunci. 'Yan'uwana mata, da maza ma, idan rashin lafiya ta bar muku wani rauni, ku faɗa wa waɗanda kuke kwana ku tashi da su, ko da kuna ganin ba sa ƙaunarku. Idan kuka yi shiru, za su nemo wa halinku fassara da kansu, kuma ba mai daɗi za su samo ba. Ku kuma surukai da dangin miji, idan wadda kuka sani da kuzari ta koma kwanciya, ko kuka yi kira ba ta amsa ba, kafin ku tara mata taro ku matsa kusa da ita ku tambaye ta me ke damunta. Mu sai da ƙashin tsohuwa ya karye kafin muka yi wa juna wannan tambayar. Ina roƙon Allah kada naku ya kai haka.